Ranar da Kwamfutar Baba Ta Sandare

Adila na tsugune gaban murhu tana dama kunun gyaɗa ta ji Baba ya ƙwala mata kira daga falo. Sau biyu ya kira, na biyun har muryarsa na rawa. Ta ajiye ludayin ta goge hannu a gefen zani. Tun kafin ta ɗaga labule ta san abin da za ta tarar.

Malam Zarami yana zaune gaban kwamfutarsa, tabarau ya zamo masa kan karan hanci. Na'urar sai huci take kamar injin niƙa. Allonta ya sandare, wasu jajayen akwatuna uku sun hau kan juna, kowanne na gargaɗin an kama mugun abu. Ya ja maus nan, ya ja can, ko gezau.

"Zo ki gani, Adila. Ɗazu na buɗe ma'ajiyar aikina na tarar da ita wayam, ba ko fayil ɗaya. Yanzu kuma ta ƙi motsi gaba ɗaya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ita kanta da ƙyar ta ji muryarta.

Aikin da yake magana ba ƙaramin aiki ba ne. Shekara talatin da ɗaya Malam Zarami ya yi yana malamin gona, kuma ba damunar da ta wuce bai rubuta yadda kogin Haɗeja ya cika da yadda ya janye ba. Ya san ranar da ruwa ya karya jinga a kowace shekara, ya san gonakin shinkafar da ciyawar kachala ta cinye tun daga nan har Guri. Littattafan da ya rubuta da hannu ambaliyar bara waccan ta jiƙa su sun manne, Allah ya taimaka ya riga ya kwafe su a kwamfuta tare da hotuna. Jibi Alhamis wani kwamiti zai zo daga Dutse kan batun yashe kogi, kuma shi manoman fadama suka wakilta ya yi bayani.

"Kira mini yaron nan," in ji Baba. "Shi ne na ƙarshe da ya taɓa ta."

Yaron nan shi ne Abdulmannan, mai shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, wanda ya shekara biyu yana neman auren Adila. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, cewa ya yi a ba shi lokaci ya ga kamun ludayinsa. Mako uku da suka wuce, da kansa ya nemi Abdulmannan ya zo ya sa wa kwamfutar manhajar tsaro, wadda ake kira antibairos, saboda filashin mutane da ake yawan sokawa. Ya zo ya sa guda ɗaya, ya gwada wa Baba yadda take aiki, ya tafi.

Yanzu kuwa manhajojin tsaro uku ne a kwamfutar. Sauran biyun Adila ce ta sa.

*

Kafin Abdulmannan ya iso, Gwaggo 'Yar'azumi ta riga shi, don gidanta a nan bayan layi yake cikin unguwar Matsaro. Ita ce ƙanwar Baba, ita ta riƙe Adila shekara biyar bayan rasuwar mahaifiyarta, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ɗanta Abdulfattah take so ya aure ta ba. Shi ma ga shi biye da ita, ya zo hutu daga Kano inda yake aiki, shaddarsa sai ƙyalli take.

Adila ta kasa kallonsa. Shi ne ya same ta a tsakar gida ranar wata Juma'a bayan an sa manhajar, ya zauna kan turmi yana kaɗa makullin mota.

"Ke da kike malamar makaranta, a ce ba ki san halin masu gyaran nan ba?" ya ce mata a ranar. "Abu suke dasawa a cikin kwamfuta, duk abin da kika buɗe suna gani daga shagonsu. Hotunanki na biki da ba mayafi, rubuce-rubucenki, komai. Ranar da kika ce ba kya yi da mutum, sai ki ga hotonki a wayar duk garin nan. A Kano na ga yarinyar da aka yi wa haka, har yau ba ta fita."

Ta yi masa musu a lokacin, har ta ɓata rai. Amma maganar ta kwana ta tashi da ita. A kwamfutar nan take ajiye hotunanta, a nan take rubuta abin da ba ta iya faɗa wa kowa. Washegari ya turo mata sunayen wasu manhajoji biyu na kyauta, ya ce za su kama duk abin da aka dasa. Ta jira Baba ya tafi gona ta sauke su, ta ɗora a kan wadda Abdulmannan ya sa. Ba su kama komai ba. Tun daga ranar dai kwamfutar ta fara nauyi, Baba na ƙorafi, ita tana yin kamar ba ta ji ba.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Abdulmannan ya yi sallama ya shigo, kafaɗun rigarsa a jiƙe da yayyafi, jakar kayan aiki a hannu. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina kwananku? Gwaggo, ina kwananku?"

Gwaggo ba ta amsa gaisuwar ba.

"Ka ga abin da ka yi ko? An sake da kai, an ba ka amanar gida, ka zo ka watsar wa dattijo da wahalar shekara talatin. Ni dama na faɗa, Yaya. Wanda ya tashi cikin hayaƙin bandar kifi, ina shi ina kayan ilimi? Ya koma Guri ya taya uwarsa juya kifi mana."

"'Yar'azumi, ya isa," in ji Baba, amma ba da ƙarfi ba.

Abdulmannan bai ɗago ba. Adila ta ga yadda jijiyar wuyansa ta motsa, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kalma ɗaya ce za ta raba shi da wannan cin mutunci, kalmar kuma na bakinta. Ta buɗe baki, idonta ya faɗa kan fuskar Baba, sai ta mayar ta rufe.

"A ba ni izini in duba, Baba," in ji shi.

Ya zauna ya kashe na'urar, ya tashe ta ta wata hanya da ba ta barin manhajoji su farka. Hucin ya lafa. Ya buɗe jerin abubuwan da aka ɗora mata, yana bi da yatsa. Sai yatsan ya tsaya. Kowace manhaja da ranar da aka sa ta a gefenta, biyu daga ciki kuwa ranar Asabar ce, ƙarfe sha ɗaya na safe, lokacin da kowa ya san Baba na gona.

Ya juyo ya dubi Adila. Kallo ɗaya, bai fi ƙiftawar ido ba.

"To, me ka gani?" in ji Baba.

"Manhajojin tsaro ne suka yi mata yawa, Baba. Uku ne a ciki, suna faɗa da juna." Ya janye yatsansa daga allon. "Laifina ne. Ban lura ba."

Abdulfattah ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Gwaggo ta tafa hannu.

Malam Zarami ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

"Abdulmannan, na ɗauke ka mutum mai natsuwa. Idan abin da ka ce ka iya ma haka kake yinsa, da wane ido zan ba ka 'yata? Ka yi iyakar ƙoƙarinka ka dawo mini da aikina. Ko ya dawo ko bai dawo ba, in ka fita yau kada ka sake tako mini gida da maganar Adila."

"To, Baba," in ji Abdulmannan.

*

Da aka kira azahar Baba da Abdulfattah suka tafi masallaci, Gwaggo ta shiga ɗaki yin sallah. Abdulmannan ya yi tasa a zaure ya dawo kan aiki, don ya ce abin da ya fara ba a barinsa rabi. Adila ta ɗauko ruwa a kofi ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Abdul."

Bai juyo ba.

"Don Allah ka dube ni."

"Ina aiki, Adila."

Ta ajiye kofin ta durƙusa nesa da shi, hawaye suka ɓalle mata.

"Me ya sa ka ce kai ne? Ka san ba kai ba ne."

"Da kike tsaye a wurin, ke me ya hana ki cewa ke ce?"

Ya ci gaba da danne-dannensa, muryarsa a kwance kamar yana yi wa mai kawo gyara bayani.

"Ba a haɗa su. Kowacce so take duk fayil ɗin da aka buɗe ita ta fara cafke shi ta bincika. In sun zama uku sai su riƙe abu ɗaya suna ja, kowacce kuma ta ɗauki 'yar'uwarta a matsayin ɓarawo. Shi ya sa ta sandare. A cikin wannan rikicin ɗaya ta kwashe fayilolin Baba ta kulle a wurin da take tsare abin da take zargi. In Allah ya sa ba ta goge ba, zan fito da su."

"Ban san haka zai faru ba, wallahi. Na zaci ƙarin tsaro ne."

A nan ya juyo.

"Tsaro daga wa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wannan kawai nake son ji. Na sa miki wadda ta isa, na gwada a gabanki. Da ba ta gamsar da ke ba, kira ɗaya za ki yi mini. Kika jira ba kowa a gida kika sa biyu, kuma mako uku muna waya kullum ba ki taɓa ambata ba. Daga wa kike tsare kanki?"

"Abdul, ka yi wa Allah..."

"Ki faɗa."

Kuka ya ci ƙarfinta. Sai da ta ja numfashi sau uku kafin maganar ta fito, a gutsure.

"Ce mini aka yi masu gyara na dasa abu... suna ganin hotunan mutum... in an ɓata su watsa. Ban yarda ba, wallahi da farko ban yarda ba. Sai na ce bari in duba kawai, hankalina ya kwanta."

Ya janye hannunsa daga kan kwamfutar a hankali. Da ya yi faɗa, da ta fi samun sauƙi.

"Shekara biyu," ya ce daga baya. "Wayarki ta kwana uku a shagona lokacin da gilashinta ya fashe. Ke kika ba ni lambar buɗewa da bakinki. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban buɗe ko hoto ɗaya ba. Matan aure na kawo mini waya, 'yan mata na kawowa, da amanar nan nake cin abinci. Abin da Gwaggo ta faɗa bai dame ni ba, gaskiya ce, a gindin banda na girma kuma ba na jin kunyar hakan. Amma ke, Adila? Ke kika zauna kika ga zan iya tozarta ki?"

"Na tuba. Sharrin zuciya ne. Na tuba, Abdul."

"Wa ya faɗa miki?"

Ta kau da kai, shi kuma bai sake tambaya ba, don amsar ba ɓoyayya ba ce.

"Ki share hawayenki kafin su dawo," ya ce, ya mayar da fuskarsa ga kwamfuta. "Kada ki faɗa wa Baba. Ke kaɗai gare shi. Ni ya riga ya gama da ni, ba amfanin ya rasa yarda da mu biyu."

*

Ana gab da la'asar ya cire manhajoji biyun, ya bar ta farko. Ya tashi na'urar ta tashi lafiya lau, ba huci ba nauyi. Ya buɗe ma'ajiyar ya matsa gefe.

"Baba, ku duba ko akwai abin da ya ɓace."

Malam Zarami ya matso da kujera. Shekarun na nan a jere, ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe hoton wata gona da kachala ta rufe har ba a ganin ruwa, ya buɗe wani, ya buɗe wani. Leɓensa na motsi da hamdala, har ƙwalla ta taru masa.

"Na kwafa muku a filashi biyu," in ji Abdulmannan. "Ɗaya a ajiye a wani wuri daban."

Ya zuge jakarsa ya miƙe. Ya durƙusa ya yi sallama, ya nufi inda takalmansa suke.

"Allah ya raka taki gona," in ji Gwaggo.

"Baba!"

Adila ba ta san lokacin da ta faɗo tsakiyar falon ba. Ta zube gaban mahaifinta, mayafinta ya zame ba ta ko gyara ba.

"Baba, ni ce. Ba shi ba ne. Guda ɗaya ya sa, ni na ƙara biyu ranar Asabar kuna gona. Ya gani tun da safe, ya rufa mini asiri. Ina tsaye aka ci masa mutunci, aka zagi mahaifiyarsa, na yi shiru."

"Ke, rufe mana baki!" in ji Gwaggo. "Kare shi za ki yi da ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, Gwaggo. Ranar na nan a rubuce."

Baba ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Me ya kai ki?"

Wannan ce tambayar da ta fi tsoro. Ta faɗa duka, kanta a ƙasa, ba ta rage komai ba, har zargin da ta yi wa mutumin da take cewa tana so. Da ta zo kan wanda ya ba ta shawarar sai harshenta ya yi nauyi. Ta zaro wayarta ta buɗe saƙon ta miƙa wa Baba da hannu biyu.

Ya mayar da tabarau ya karanta. Ya ɗago ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Abdulfattah, tun safe kana zaune a nan."

"Kawu, ni shawara kawai na bayar. Ban ce ta haɗa su duka..."

"Kana zaune, kana dariya."

Abdulfattah ya sunkuya yana wasa da makullin motarsa. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba wanda ya iya kallon wani a falon.

Malam Zarami ya dafa gwiwa ya miƙe, ya taka har bakin ƙofa inda Abdulmannan ke tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ɗana, yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na yanke maka hukunci ban bincika ba, aka wulaƙanta ka a ƙarƙashin rufina ina ji. Ka yafe mini."

"Subhanallahi, Baba, ku daina. Ba ku yi mini komai ba."

"Na yi. Kuma na janye maganata. Shekara biyu ina cewa zan ga halinka, yau na gani. Ka je ka turo magabatanka, ko a makon nan ne."

Maganar da Adila da Abdulmannan suka yi shekara biyu suna roƙon Allah a kanta ke nan. Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi, tana jiran ta ga ya zube yana godiya.

Ya durƙusa ɗin, amma fuskarsa ba ta sake ba.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma. Sai dai ina roƙon alfarma, a ba ni lokaci in yi shawara."

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Kana da gaskiya. Je ka, Allah ya yi maka albarka."

Ya sa ɗayan takalmin ya fita. Adila ta dubi mahaifinta, bai hana ta ba, ta tashi da gudu ta cim masa a zaure yana ɗaura jaka a bayan babur.

"Abdul, lokaci zuwa yaushe?"

"Ban sani ba."

"Na faɗi gaskiya fa. A gaban kowa na faɗa."

"Kin faɗa, kuma na ji daɗi. Ba ƙaramin abu kika yi ba." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Amma in na aure ki, kullum zan fita shago in bar ki a gida. Wani zai sake zuwa ya faɗa miki wata magana a kaina. Ina so in san abin da za ki yi a ranar, yanzu kuwa ban sani ba."

"Zan tambaye ka. Wallahi kai zan fara tambaya."

Ya tura babur ɗin zuwa ƙofa.

"Gobe da safe zan wuce Guri wurin Inna. Zan zauna in faɗa mata yadda aka yi. Abin da ta ce, shi zan yi."

Adila ta dafa bango. Sau ɗaya ta taɓa ganin mahaifiyarsa, tsohuwar ta riƙe hannunta ta kira ta 'yata.

"Har da abin da na yi za ka faɗa mata?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba.

"Ban taɓa ɓoye mata komai ba, Adila."